Kwana Biyar a Maƙerun Bida: Yadda Waya da Fallen Ƙarfe Ke Zama Kayan Ado

A darasin tarihi da na labarin ƙasa an sha gaya mana cewa kowane gari da abin da ya yi suna a kai: Kano da rini, Sakkwato da fata, Argungu da su, Bida kuwa da ƙira da aikin gilashi. Yawancinmu haddace wannan muke yi saboda jarrabawa, mu rubuta, mu ci maki, shi ke nan an wuce wurin. To a hutun da ya gabata wani abokina Banufe da muke aji ɗaya a jami'a ya gayyace ni garinsu, na yi kwana biyar a Bida, uku daga ciki a zaune a maƙera ina koyon yadda ake mai da waya da fallen ƙarfe su zama zobe da sarƙa da 'yan kunne. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ga abin da na gani, ga kuma abin da nake ganin zai amfane ku.

Hanyar zuwa

Da asuba muka bar Zariya. Bayan Kaduna muka bi hanyar Abuja har kusa da Suleja, sannan muka karya dama zuwa Lambata, daga nan sai Lapai, sai Agaie, sai Badeggi, sai Bida. Mai zama kusa da taga zai ga ƙasa tana sauya kama a hankali. Itatuwa suna ƙara kauri, kaɗanya da mangwaro suna yawaita, tulin doya yana bayyana a bakin titi, kuma da an doshi Badeggi sai fadamun shinkafa iya ganinka. A Badeggi ne Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa take da hedikwata, don haka masu sha'awar karatun noma su riƙe sunan garin. Hanyar tana da ramuka da manyan motoci, tankoki da tireloli masu zuwa kudu, shi ya sa sai dab da magariba muka shiga gari. Zafin Bida mai gumi ne, ya sha bamban da busasshen zafin da muka saba da shi a can arewa. Abin da aka fara tarbar mu da shi a gida kuwa tuwon shinkafa ne da ƙuli-ƙulin Bida, wanda ya cancanci sunan da ya yi.

Bida tana Jihar Neja, ita ce kuma cibiyar masarautar Nufawa. Sarkinta shi ake kira Etsu Nupe, kuma mai riƙe da sarautar tun 2003 shi ne Alhaji Yahaya Abubakar. Sarautar tana zagayawa tsakanin gidaje uku, na Usman Zaki da na Masaba da na Umaru Majigi, dukkansu zuriyar Malam Dendo, malamin Fulani da ya zauna a ƙasar Nufe a farkon ƙarni na 19. A tsakiyar wannan ƙarnin ne Bida ta zama babban birnin masarautar, masu sana'a suka taru a cikinta, kowace sana'a da unguwarta da shugabanta. Dakarun kamfanin Turawan Ingila na Royal Niger sun ci garin da yaƙi a 1897, amma sana'o'in ba su mutu ba. Wani masani mai suna S. F. Nadel ya zauna da Nufawa, ya wallafa littafinsa A Black Byzantium a 1942, inda ya yi bayanin ƙungiyoyin masu sana'ar garin. A 2021 kuma hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen duniya da suka yi fice a sana'ar hannu da fasahar gargajiya.

Unguwar da ake ji kafin a gani

Washegari da hantsi muka nufi unguwannin maƙera. Biyu ne suka fi suna wajen aikin tagulla, Tswata Mukun da Gbongbofu. Tun kafin ka ga komai kunnenka zai gaya maka ka iso, domin ƙarar guduma ce ta ko'ina, wata mai nauyi, wata siririya mai sauri kamar ana kiɗa. Maƙerun ba su da wani ƙyale-ƙyale. Rumfa ce ko zaure, ga murhun gawayi a ƙasa, ga zugazugi, ga uwar maƙera a kafe, mutane uku ko huɗu a zaune kowa da abin da yake bugu. A bakin ƙofa ake jera abin da aka gama: farantai masu zane, butoci, tasoshin goro, ludaya, awarwaro da zobba. Wasu na tagulla ne, masu ruwan ɗorawa, wasu kuma na goran ruwa, farare fat.

A ƙasar Hausa mun san an raba maƙera gida biyu. Akwai maƙeran baƙi masu ƙera fartanya da garma da wuƙa da lauje, akwai kuma maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla da sauran kayan ado. Maƙerar da aka kai ni ta maƙeran fari ce, mai ita kuwa ƙanin kakan abokina ne, dattijo mai furfura da Hausa rangaɗaɗau a bakinsa, wadda ya ce a yawon kasuwanci ya koye ta.

Na durƙusa na ce, "Baba, sannu da aiki."

Ya ce, "Yawwa ɗana, sannu da hanya. An ce kai ɗan jami'a ne. Kallo ka zo ko koyo?"

Na ce, "Koyo, Baba, in an yarda."

Ya ce, "To cire agogon nan, ka naɗe hannun riga. Ba zan ba ka tagulla ba, tana da tsada. Da baƙin ƙarfe za ka fara. Wanda ya iya lanƙwasa shi, tagulla ba za ta gagare shi ba."

Ya sa wani jikansa, yaro ɗan aji biyu a babbar sakandare wanda ke zuwa maƙera bayan an tashi makaranta, ya jera mini kayan aiki a kan buhu: ƙaramar guduma, awartaki biyu, magagari, almakashin ƙarfe, madosai masu baki iri-iri, ƙusa mai kauri, guntun katako mai ɗan rami a tsakiya, da takardar goge katako mai yashi. Kayan da za a sarrafa kuwa naɗin wayar ɗaurin rodi ce, irin wadda magina ke amfani da ita, da wani fallen ƙarfe wanda kaurinsa bai kai milimita 1 ba.

Ranar waya

Darasin farko shi ne miƙe waya. Ana ɗaure bakinta a jikin ƙusa da aka kafa a gungume, a riƙe ɗaya bakin da awartaki a ja da ƙarfi, sai ta miƙe sambal. Daga nan a goge ta da takarda mai yashi har baƙin jikinta ya fita, hasken ƙarfen ya bayyana. Wannan kaɗai ya ci mini kusan awa guda, yatsuna kuma suka yi baƙi ƙirin.

Sai yin ƙananan zobban sarƙa. Ana naɗe wayar a jikin ƙusa, naɗi kusa da naɗi babu rata, har ta zama kamar sifirin. A zare ƙusar, a bi naɗin ana yankawa a layi ɗaya, kowane zagaye ya faɗo a matsayin zobe guda mai buɗaɗɗen baki. Baba ya nuna mini cewa ba a buɗe zoben ta hanyar ja da bakunansa baya, domin in an yi haka ba zai sake komawa da'ira ba. Ana riƙe kowane ɓangare da awartaki, a murɗa ɗaya gaba ɗaya baya, a zura zobe na gaba, a murɗo su su haɗu. Haka ake yi ɗaya bayan ɗaya har sarƙa ta yi tsawo.

A nan ne lissafin da muke ƙorafi a kansa a aji ya fito fili. Idan kaurin ƙusar milimita 5 ne, wayar kuma milimita 1, to kowane zobe zai ci waya kusan 6 sau 3.14, wato wajen milimita 19. Ke nan mita ɗaya ta waya za ta ba da zobba hamsin da 'yan kai. Haka awarwaro: idan faɗin da'irarsa santimita 6.5 ne, ana bukatar waya mai tsawon santimita 20 da ɗoriya. Baba da zare yake awonsa, ya zagaya hannun mai saye ya ƙulla, amma da na gwada da biro da takarda sai amsarmu ta zo ɗaya. Jikan nasa ya yi dariya ya ce ashe dai wannan 3.14 da malaminsu ke damunsu da ita tana da ranarta.

Da yamma aka nuna mini murɗa. Ana ninka waya biyu, a maƙale ta a ƙusa, a zura ɗan sanda a ɗaya bakin a yi ta juyawa har ta zama kamar igiya. In aka ɗora ta a kan uwar maƙera aka bubbuga a hankali, sai ta baje ta fito da wani zane kamar kitso. Da irin wannan ake yin awarwaro mai sauƙi. Na kuma ga wani faffaɗan ƙarfe mai jerin huji, daga babba zuwa ƙarami. Ta cikinsa ake jan wayar tagulla ko ta azurfa, daga wannan huji zuwa na gaba, tana ƙara siranta tana ƙara tsawo, har ta kai kaurin da ake so.

Abin da wuta ke yi wa ƙarfe

Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya ya san wurin yakan yi tauri, ya yi ɗumi, daga baya ya karye. Haka yake faruwa da duk ƙarfen da ake bugu ko murɗawa. Baba ya ce ƙarfen ya gaji ne, sai an ba shi wuta ya huta. A jami'a an koya mana dalilin: ƙwayoyin ƙarfe a jere suke layi-layi, bugu yana cukurkuɗa jerin har su kasa zamewa a kan juna, zafi kuma yana ba su damar sake jeruwa. Maganar Baba da ta malaminmu duk wuri ɗaya suka nufa.

Yadda ake yi shi ne a sa ƙarfen a gawayi, a zuga har ya yi ja kaɗan. Abin da ya biyo baya ne ya bambanta. Jan ƙarfe ko an tsoma shi a ruwa nan take, da taushinsa zai fito. Baƙin ƙarfe kuwa binne shi ake yi a toka ya huce a hankali. Idan mai kabon da yawa ne, irin na sifirin ɗin mota ko tsohon magagari, aka tsoma shi a ruwa yana ja, sai ya yi tauri ƙwarai har ya iya tsagewa. Maƙera sun san wannan sarai, da shi ma suke amfani wajen ƙera madosansu: su sassaƙa bakin madoshin daga tsohon sifirin, su gasa, su tsoma a ruwa, su sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi saurin karyewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne launi. Baba ya goge wani guntun baƙin ƙarfe har ya yi ƙyalli, ya riƙe shi da awartaki a saman garwashi. Ina kallo ya koma ruwan ƙasa-ƙasa mai haske kamar busasshiyar ciyawa, sai ya ƙara duhu, sai ya yi shunayya, sai ya zama shuɗi kamar an tsoma shi a marina. Babu fenti ko ɗigo. Wani siririn ɓawo ne iska ke yi a fuskar ƙarfen idan ya yi zafi, kaurin ɓawon kuma shi ke sauya launin da ido ke gani. Launin farko yana fitowa a wajen digiri 220 na ma'aunin Salshiyos, shuɗin kuma a wajen digiri 300. Da an ga launin da ake so sai a janye da sauri, in ba haka ba ya wuce.

Ga wasu alƙaluma da za su yi muku amfani a ajin kimiyya. Goran ruwa yana narkewa a digiri 660, azurfa a 962, jan ƙarfe a 1085, tsantsar baƙin ƙarfe kuwa sai a 1538. Wannan ne ya sa maƙerin fari zai iya narka goran ruwa da tagulla a murhun gawayi ya zuba a mazubi, amma baƙin ƙarfe sai dai a gasa a buga. Ita tagulla mai ruwan ɗorawa haɗi ce ta jan ƙarfe da zinki. Ko kalmar sinadari da muke ji a ajin kimiyya, a maƙera ma akwai ta, ita ce sunan abin da ake liƙe ƙarfe da ƙarfe da shi.

Ranar falle

Rana ta biyu aka koma kan fallen ƙarfe, aikin kuwa 'yan kunne ne masu siffar ganye. Ana zana siffar a takarda, a yanke, a ɗora a kan fallen a bi gefenta da bakin ƙusa. Sai a yanka da almakashin ƙarfe, ana barin ɗan rata a wajen layin. Bayan yanka bakin ƙarfen kaifi gare shi kamar reza, don haka sai a bi shi da magagari. Magagari a tura gaba yake ci, ba a dawowa ba, saboda haka ana ɗaga shi in za a dawo. Baba ya ce gwajin ƙarshe shi ne a goga bakin a jikin tsumma, in ya kama zare to da sauran aiki, domin abin da ya kama zare zai kama fatar mutum.

Daga nan sai zane. Ana ɗora fallen a kan ƙarfe mai santsi, a kafa madoshi, a buga sau ɗaya tak da guduma. Wani madoshin ɗigo yake fitarwa, wani layi, wani rabin wata. Da waɗannan 'yan siffofi ake haɗa duk zanen da ke jikin manyan farantan Bida, bugu ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an zana komai da fensir ba. Na zauna kusa da wani magidanci mai yi wa faranti ado, na ga hannunsa na hagu yana matsar da madoshi, na dama yana bugu, idonsa a kan aikin, bakinsa kuma yana hira da maƙwabcinsa.

In ana so ganyen ya ɗan kumbura, sai a ɗora shi a ramin katakon nan a bubbuga da madoshi mai mulmulallen kai. Hujin rataya kuwa da ƙusa ake fasa shi a kan katako, a goge bayan da magagari. Idan za a haɗa falle biyu ba sai an nemi wuta ba: a huda su, a zura guntuwar waya, a baje kanta ta kowane gefe da guduma, sai ta riƙe su gam.

Matsalar baƙin ƙarfe ita ce tsatsa, wadda ke zuwa idan ruwa da iska suka haɗu a jikinsa, gumi ma yana ƙara mata sauri. Maganinta shi ne a ɗumama abin kaɗan, a shafa masa kakin zuma, a goge da tsumma, a kuma gaya wa mai saye kada ta yi wanka ko wanke-wanke da shi. Akwai ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokula da kwanukan silba, wanda ake haɗa shi da kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin 100, sai dai ya fi wuyar yanka da lanƙwasawa. Shi ya kamata a yi ƙugiyar da ke shiga hujin kunne da shi, ko da azurfa, domin waya mai tsatsa tana iya sa kunne ya yi miki. Tagulla kuwa in ta dushe, ruwan tsamiya ko lemun tsami da toka ake goge ta da shi, a ɗauraye, a shanya.

Gargaɗi

Wannan sashen ku karanta shi sau biyu. Kada ku sa waya ko kwanon rufi mai farin shafi a wuta. Zinki ne aka shafa musu, hayaƙinsa kuma yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Kada ku narka dalmar tsohon batir, kada kuma ku yi abin wuya ko zobe da ita. Dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma a 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Jihar Zamfara inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Idan kuna yanka waya, ku sa tabarau, ku kuma juya bakin wayar ƙasa, domin guntun yakan yi tsalle. Ku share ɓarɓashin ƙarfe kafin ƙannenku su taka, ku wanke hannu kafin cin abinci. Duk aikin da ya shafi wuta kuwa sai a gaban babba wanda ya san shi.

Masaga

Rana ta huɗu muka huta da guduma muka je Masaga, unguwar masu aikin gilashi. Mutanen unguwar suna ba da tarihin cewa kakanninsu daga Masar suka taso. A da su da kansu suke haɗa gilashi daga yashi da kanwa, wani baƙin gilashi da suke kira bikini. Yanzu fasassun kwalabe ake narkawa, launin kwalbar kuma shi ne launin dutsen adon: kore, ruwan ƙasa, shuɗi, fari. Mutane suna zagaye da murhun yumɓu mai cin itace, kowa da dogon tsinken ƙarfe. Ya ɗebo narkakken gilashi, ya naɗe shi a jikin tsinken yana juyawa, ya daidaita shi, ya zare, ramin da tsinken ya bari shi ne hujin zare. Ƙarau ma haka ake fara shi, sai a yi ta faɗaɗa ramin har hannu ya iya shiga. Zafin wurin ba a cewa komai, minti goma na yi a ciki rigata ta jiƙe sharkaf. Na sayi 'yan duwatsu shuɗɗa guda shida, washegari na rataya su a jikin sarƙar da na ƙera.

Abin da ke damun Baba

A ranar ƙarshe, bayan an tashi daga aiki, na tambayi Baba ko sana'ar tana ci. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya lissafo mini abubuwa uku. Na farko, tsohuwar tagulla da goran ruwa da suke saye a narka sun yi tsada, saboda masu sayen kayan jari-bola suna kwashewa su kai kamfanoni. Na biyu, kasuwa ta cika da sarƙoƙi da 'yan kunnen waje masu ƙyalli da araha, amarya kuma su take so a lefe, ko da za su koɗe bayan wata biyu. Na uku, wanda ya fi ci masa rai, samari ba sa son zama. Koyon zanen faranti yana ɗaukar shekaru, haya da babur kuwa yau ka fara yau ka kawo kuɗi.

Ya ce, "Ɗana, ban hana kowa boko ba, ga jikana nan yana yi. Amma abin da ke hannun nan ba a rubuce yake ba. Ran da na tafi, in ba wanda ya karɓa, ya tafi ke nan."

Ban ga laifin samarin da suka tafi neman na yau ba, domin ciki ba ya jiran shekara biyar. Sai dai na lura da wani abu. Akwai masu son kayan hannu a Abuja da Legas da Kano, har da ƙasashen waje, amma ba su san hanyar Tswata Mukun ba, su kuma dattawan ba su san hanyar kaiwa gare su ba. Wanda zai iya haɗa su shi ne yaro irin jikan Baba, wanda ya iya riƙe madoshi, ya iya ɗaukar hoto mai kyau da wayar salula, ya iya rubuta bayanin kaya da Hausa da Turanci, ya kuma iya lissafin abin da aka kashe da abin da ya kamata a sayar. Shi yaron ya riga ya fara, yana sa hotunan zobban da ya yi a WhatsApp, 'yan ajinsu suna saye, da kuɗin yake sayen littattafan rubutu.

Idan kuna so ku gwada

Ba sai kun je Bida ba. Da wuya a samu garin Hausa da babu maƙera, kuma a Kano ko a kasuwar Kurmi kaɗai za ku ga masu aikin azurfa da tagulla. Ku nemi izinin iyaye, a haɗa ku da wani maƙeri da aka sani, ku je da ladabi, ku yarda a fara sa ku shara da zuga kafin a ba ku guduma. Wanda bai samu wannan ba zai iya farawa a gida da awartaki biyu, magagari, ƙusa, takarda mai yashi da naɗin waya ɗaya. Zobban sarƙa da murɗaɗɗen awarwaro ba sa bukatar wuta ko ƙarfin damtse, don haka 'yan mata ma wannan naku ne, ku ne ma kuka fi sanin abin da ake yayi.

Ku buɗe ƙaramin littafi ku riƙa rubuta tsawon wayar da kowane abu ya ci, da kuɗinta, da lokacin da kuka ɓata, domin da shi za ku san farashin da ba za ku faɗi ba. Ku ajiye abin farko da kuka yi, ku kwatanta shi da na goma. Kada kuma sana'ar ta ci lokacin karatu, ranakun Asabar da hutu sun isa.

Masu ƙungiyar kimiyya ko ta tarihi a makarantarsu, ku ba malaminku shawarar a kai ku ziyara maƙerar garinku a zangon nan. Ku tafi da biro da takarda, ku rubuto sunayen kayan aikin da Hausa kamar yadda maƙeran ke kiran su, ku tambayi wane irin ƙarfe suke amfani da shi da inda suke samo shi, sannan ku aiko wa wannan shafi abin da kuka gano. Allah ya ba da sa'ar karatu.